Sharhi a kan kwas ɗin Gusau game da dokokin tanadin kuɗin rushe tashoshin nukiliya

Wata cibiyar horaswa mai zaman kanta, wadda wasu lauyoyi da injiniyoyi suka haɗu suka kafa, ta gudanar da gajeren kwas a Gusau a kan abin da doka take ɗora wa masu tashoshin wutar lantarki na nukiliya dangane da tanadin kuɗin da za a rushe tasha da su, a kuma tsabtace wurinta, idan wa'adin aikinta ya cika. Na halarci kwas ɗin a matsayina na lauya mai bin shari'o'in filaye da ma'adinai a jihar nan, kuma da yake cibiyar ta sanar cewa za ta maimaita shi a Birnin Kebbi, abokan aiki da dama sun tambaye ni ko ya cancanci kuɗinsu da lokacinsu. Amsata ita ce ya cancanta, amma da sharaɗi, domin an koyar da dokokin ƙasashen waje da ƙwarewa ta haƙiƙa, sannan aka ratsa dokokin Nijeriya a gurguje, alhali kuwa su ne suka kai yawancinmu zauren.

Akwai masu ganin cewa shirya irin wannan kwas a Gusau ɓata lokaci ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Nijeriya ba ta da tashar nukiliya mai ba da wuta. Abin da take da shi shi ne ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin kimanin kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda Sin ta ƙera, ta kuma fara aiki a 2004. An rattaba hannu a kan yarjejeniyoyi da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, an kuma ambaci Geregu ta jihar Kogi da Itu ta jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gina tashoshi, amma har yau ba a aza tubali ba. Duk da haka, tambayar da ke ƙarƙashin waɗannan dokoki ba ta nukiliya kaɗai ba ce. Tambayar ita ce: idan an kwashe riba an watse, wa zai biya kuɗin gyaran ɓarnar da aka bari, kuma a ina kuɗin suke tun kafin ranar ta zo? Duk wanda ya san yadda gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010 ba zai ce wannan tambaya ba ta shafe mu ba.

Kuɗin rajista ya haura mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato naira 70,000, don haka ba abu ne mai sauƙi ba ga ƙaramin ma'aikaci wanda ofishinsa bai ɗauki nauyinsa ba. An yi zaman a zauren taro na wani otal, wurin yana da tsabta, janareta bai ba da matsala ba, an kuma tsara lokaci yadda ake tashi sallar Azahar da La'asar ba tare da an katse darasi a tsakiya ba. Mahalarta sun haɗa da lauyoyi, da ma'aikatan muhalli, da malaman jami'a, da wasu 'yan ƙungiyoyin farar hula, har da wakilan masu haƙar ma'adinai.

Babban malamin wani dattijon farfesa ne a fannin injiniya, kuma shi ne ginshiƙin kwas ɗin. Bai fara da doka ba, sai da ya tabbatar mun fahimci aikin da ake tara wa kuɗin. Ya bayyana cewa kashe tasha ba shi ne ƙarshen lamarinta ba. Da farko ana zare sandunan makamashin da aka gama amfani da su, a nutsar da su a cikin tafkin ruwa na musamman tsawon shekaru har zafinsu ya ragu, sannan a mayar da su cikin manyan tankokin ƙarfe da kankare. Bayan haka ne ake yanka ita kanta tukunyar, sau da yawa a ƙarƙashin ruwa da na'urorin da ake sarrafawa daga nesa, saboda ɗan Adam ba zai iya kusantarta ba. Sai a kankare bangaye, a ware sharar da ke da tururi mai cutarwa daga wadda ba ta da shi, a yi ta auna ƙasa da ruwan wurin har sai hukumar da ke sa ido ta gamsu ta soke lasisin. Ya ce a duniya an rufe tukwanen samar da wuta sama da 200, amma waɗanda aka kammala rushewa ba su kai 30 ba. Ya kawo misalin tashar Yankee Rowe ta jihar Massachusetts a Amurka, wadda aka gina a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 50 ba, aka rufe ta a 1992, sannan rushe ta ya ci kimanin dala miliyan 600. Ya yi adalci ya tunatar da mu cewa dalar 1960 ba ita ce dalar 2007 ba, amma ya ƙara da cewa har gobe ragowar makamashin tana nan a wurin ana gadinta. Dalilin da ya sa doka ta shiga kuwa a bayyane yake: ana kashe waɗannan maƙudan kuɗi ne a lokacin da tashar ba ta ƙara shigo da ko sisi ba, watakila ma waɗanda suka ci ribarta sun daɗe da barin duniya. Ya kamanta tasha mai tanadi da dattijon da ya sayi likkafaninsa ya ajiye tun yana da ƙarfinsa don kada ya bar wa magada nauyi, kuma daga yanayin fuskokin mutane na ga cewa maganar ta shiga.

Darasin Amurka shi ne ya fi armashi ta fuskar lissafi. Tun 1988 hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasar, wato NRC, ta wajabta wa duk mai lasisi ya nuna tabbacin cewa kuɗin rushewa za su samu. Hanyoyin da ta amince da su su ne a biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, ko a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a wani asusu na waje, ko a kawo lamuni daga kamfanin inshora ko daga uwar kamfani. Sharaɗin da farfesan ya fi nanatawa shi ne dole asusun ya rabu da dukiyar kamfanin, ya zama a hannun amintattu, yadda manaja ba zai iya zuwa da safe ya ciri wani abu ya toshe wata kafa ba. Ƙa'idar ta yanke mafi ƙarancin abin da za a tanada da darajar dalar 1986, wato miliyan 105 ga babbar tukunya mai matsattsen ruwa da miliyan 135 ga mai tafasasshen ruwa, kuma ana ɗaga adadin gwargwadon tashin kuɗin ƙwadago da na makamashi da na binne shara. Kamfani yana kai rahoton halin da asusunsa yake ciki duk bayan shekara biyu, kuma an ba shi shekara 60 daga ranar rufewa ya kammala aikin.

A nan ne aka raba mu rukuni-rukuni, aka ba kowane rukuni babbar takarda da alƙalamin rubutu a allo. Aikin shi ne mu lissafa nawa ya kamata a ajiye yau don a sami naira 1,000 bayan shekara 60, idan asusun yana samun ribar kashi 2 cikin 100 a shekara bayan an cire hauhawar farashi, wanda shi ne iyakar hasashen da ƙa'idar Amurka ta saba yarda da shi. Wata Hajiya, akanta daga wata ma'aikata, ta danna wayarta ta ce kusan naira 305. Farfesan ya ce to a sauke ribar zuwa kashi 1. Ta sake dannawa, ta ɗan yi shiru, ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ya koma kusan 550." Sai ya ajiye alƙalaminsa ya ce mana wannan kashi ɗaya da muke gani ƙarami, a kansa kamfanoni da hukumomi suke shafe shekaru suna jayayya, domin kamfanin da ya shawo kan hukuma ta yarda da hasashen riba mai yawa ya rage wa kansa kusan rabin abin da zai zuba. Ya kuma nuna cewa wa'adin shekara 60 yana da fuska biyu, tunda jinkiri yana rage ƙarfin tururin ya sauƙaƙa aiki, amma kuma yana ba kamfanin da asusunsa bai cika ba damar ya kulle tasha ya zauna yana jiran kuɗi su haihu. Ban taɓa ganin an sauƙaƙa wannan lissafi ga lauyoyi kamar yadda ya yi ba, kuma wannan zama kaɗai ya biya wani kaso mai tsoka na kuɗin rajistata.

Darasin Jamus wata barista ce ta gabatar da shi, kuma a ganina shi ne ya fi amfani ga mai rubuta doka. Shekaru da dama kamfanonin wutar Jamus ba su zuba kuɗin a asusun waje ba. Rubutawa kawai suke yi a littattafansu cewa akwai bashin rushewa a kansu, wanda ya kai kimanin yuro biliyan 38 a 2014, alhali kuɗin suna cikin tashoshin gawayi da na gas da sauran kadarorinsu. Muddin kamfanonin suna cin riba, babu wanda ya damu. Bayan haɗarin Fukushima na Japan a 2011 gwamnati ta yanke shawarar rufe dukkan tashoshin, farashin wuta ya faɗi, darajar kadarorin ta zube, sai aka fara fargabar cewa abin da ke rubuce ba zai zama kuɗi a hannu ba. Da kamfanin E.ON ya bayyana shirinsa na ware tashoshinsa na nukiliya ya zuba su a wani sabon kamfani, sai gwamnati ta tashi tsaye da dokar da ta ce uwar kamfani ba za ta kuɓuta daga alhakin ba ko ta raba kanta gida nawa, kuma a ƙarshe E.ON ya riƙe tashoshinsa. Sulhun da aka cimma shi ne kamfanonin suka zuba yuro biliyan 24.1 a asusun gwamnati mai suna KENFO a watan Yulin 2017, ciki har da ƙarin kusan kashi 35 cikin 100 a matsayin kuɗin kasada, gwamnati ta karɓi nauyin adana sharar da binne ta, su kuma suka ci gaba da ɗaukar nauyin rushe tashoshin da kintsa sharar. Tashoshi uku na ƙarshe sun daina aiki ranar 15 ga Afrilun 2023. Baristar ba ta ɓoye ra'ayinta ba cewa kamfanonin sun sayi 'yancinsu da araha, tunda duk abin da ya ƙaru nan gaba a kan adana shara talaka mai biyan haraji ne zai ɗauka. Ni ina ganin gwamnatin ta zaɓi abin da ke hannu ne a kan alkawarin kamfanin da ba a san ko zai kai baɗi ba, kuma na ji daɗi da ta bar ƙofa a buɗe muka yi musu a kai cikin mutunci.

Ita ce kuma ta kawo Birtaniya, inda darasin ya zo ta fuskar asara. Wurin Sellafield, wanda ya faro da sarrafa sinadarin makamai a ƙarshen shekarun 1940 kafin a buɗe tashar Calder Hall a 1956, an gina shi ne ba tare da wani tanadi na rushewa ba, kuma ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ƙiyasta a 2024 cewa tsabtace shi zai ci fam biliyan 136, aikin kuma zai kai shekarar 2125. Hatta asusun da aka kafa a 1996 domin tashoshin da aka sayar wa 'yan kasuwa sai da gwamnati ta cike masa giɓin fam biliyan 10.7 tsakanin 2020 da 2022. Irin wannan ɗaci ne ya haifar da dokar makamashi ta 2008, wadda ta hana fara gina sabuwar tasha sai minista ya amince da cikakken shirin rushewa da yadda za a tara kuɗinsa a asusu mai cin gashin kansa, kuma a kan wannan sharaɗi ake gina Hinkley Point C. Bahaushe ya ce tun ran gini ran zane, kuma Birtaniya ba ta gane haka ba sai bayan rabin ƙarni.

Sauran ƙasashen Turai wani malami ne daga waje ya gabatar da su ta intanet, kuma wannan zama bai yi kyau ba. Murya tana yankewa, hoto yana tsayawa, ga shi yana karanta abin da ke kan majigi cikin sauri ba tare da ya tsaya ya ji ko ana biye da shi ba. Abin da na iya tsinta shi ne Suwidin tana karɓar wani kaso a kan kowane kilowat-awa na wuta tun farkon shekarun 1980, tana kuma sake ƙiyasta kuɗin duk shekara uku, Faransa kuwa ta yi doka a 2006 da ta tilasta wa kamfanin wuta na EDF ware kadarori na musamman domin wannan aiki, sannan Lituweniya, da ta gaji tashar Ignalina daga Tarayyar Sobiyat ba tare da isasshen tanadi ba, ta dogara ne ga tallafin Tarayyar Turai bayan rufe ta a 2009. Bai kamata cibiyar da ta karɓi irin wannan kuɗi ta dogara ga intanet ɗin otal ba tare da ta naɗi darasin tun da wuri ba. Farfesan ya ɗan rage asarar da ya ƙara mana wani gargaɗi daga Amurka, cewa ajiye kuɗi a hannun gwamnati shi ma ba tabbas ba ne. Dokar 1982 ta sa an riƙa karɓar kashi ɗaya cikin goma na santi a kan kowane kilowat-awa domin gina ma'ajiyar shara ta dindindin, asusun ya haura dala biliyan 40, amma ma'ajiyar tsaunin Yucca ba ta tabbata ba, kotu ta sa aka dakatar da karɓar kuɗin a 2014, kuma gwamnati ta biya kamfanoni diyyar sama da dala biliyan 10 saboda saɓa alkawarin fara kwashe sharar a 1998.

Babban ƙorafina yana kan dokokin gida. An ajiye su a zaman ƙarshe bayan cin abinci, lokacin da waɗanda suka zo daga nesa suka fara duba agogo saboda ba wanda yake son dare ya same shi a hanyar Talata Mafara ko ta Tsafe. Malamin da aka ba sashen ya ambaci dokar kiyaye haɗarin nukiliya ta 1995, wadda ta kafa hukumar sa ido kan harkokin nukiliya ta Nijeriya, wato NNRA, da ta fara aiki a 2001, ya kuma ambaci yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1997 a kan ragowar makamashi da sharar nukiliya, wadda Nijeriya take cikinta, wadda kuma ta wajabta wa ƙasashe su tabbatar da isassun kuɗin rushewa. Amma bai sa mana ko sashe ɗaya a gaba mun karanta ba, bai kuma tsaya a kan cewa dokar 1995 an rubuta ta ne tun ƙasar ba ta da ko tukunyar bincike ba, don haka wajibi ne a auna ta da ma'aunin da muka koya a darussan baya. Ga ɗakin da ke cike da lauyoyi wannan babban naƙasu ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kayan aikin suna nan, ba a dai yi amfani da su ba. Dokar masana'antar man fetur ta 2021, a sashe na 232 da na 233, ta wajabta wa masu lasisi su buɗe asusun rushe rijiyoyi da bututu a wata cibiyar kuɗi da ba ta da alaƙa da kamfanin, ta kuma ba hukuma ikon taɓa kuɗin idan kamfanin ya ƙi yin aikin. Wannan shi ne tsarin da ya fi kusa da na Amurka a dokokinmu, sai dai ta ce a sake duba adadin zubin duk shekara goma, kuma wanda ya ji Suwidin tana yi duk shekara uku zai so a tattauna ko shekara goma ba ta yi yawa ba a ƙasar da dala ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. Asusun da aka tara da naira, alhali injuna da ƙwararrun da za a biya na dala ne, zai iya narkewa cikin 'yan watanni ba tare da kowa ya saci ƙwandala ba. Wani malamin jami'a ya yi tambaya mai ma'ana, cewa tunda dukkan lissafin ya ginu ne a kan kuɗi su haihu, ina matsayin jihar da ke bin shari'ar Musulunci, kuma ko za a iya zuba irin wannan asusu a sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100. An amsa masa da jimla biyu aka wuce, alhali wannan tambaya ta cancanci zama na musamman a Gusau.

Batun gubar dalma kuwa an nuna shi a hoto ɗaya tak a kan majigi. A lokacin ne wani dattijo daga yankin Anka, cikin wakilan masu haƙar ma'adinai, ya miƙe ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Ranka shi daɗe, mu can ba wani kamfani da yaz zo. Ɗiyanmu sunka ɗauko duwatsu daga daji, mata sunka daka cikin gida, yara na wasa wurin. To, wa za a ce shi aje kuɗin gyara?" Zauren ya yi tsit, malamin kuma ya ce tambaya ce mai kyau, ya duba agogo. Dattijon ya taɓa ainihin inda dokarmu take da rami. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun kare muhalli da farfaɗo da shi a sashe na 121, wanda masu lasisi za su riƙa zuba wa kuɗi a ƙarƙashin amintattu, amma mai haƙa da diga da shebur ba shi da lasisi, saboda haka ba ya cikin lissafin. Lokacin da farashin zinariya ya tashi, aka riƙa niƙa duwatsu masu dalma a tsakar gida a Dareta da Yargalma da Abare da sauransu, yara kimanin 400 suka rasu. An kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011 da taimakon ƙungiyoyin waje, amma Bagega ta zauna tana jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin da ta yi alkawari, bayan matsin lamba daga 'yan fafutuka. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba za su iya fara ba yaran magani ba sai an tsabtace garin, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙura mai guba aikin banza aka yi. Ba ilimi aka rasa ba a waɗannan shekaru, kuɗi ne ba a ajiye ba kafin ranar buƙata.

Da an ba da lokaci, da amsar dattijon ta fito daga cikin kwas ɗin kansa. Suwidin ba ta bin kowane mai kunna fitila gida-gida, a kan kowane kilowat-awa take yankar kasonta. Haka nan za a iya yankar wani abu a kan kowane giram na zinariya a wurin saye, inda dillalai suke da suna da adireshi, a zuba a asusun da ba ya cikin baitulmalin da ake biyan albashi da shi. Amma ma'adinai suna cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya mallaka su ga gwamnatin tarayya, don haka lauyan jiha yana buƙatar a nuna masa iyakar abin da majalisar jiha za ta iya, da abin da kwamitin albarkatun ma'adinai da muhalli na jiha, wanda dokar 2007 ta kafa, zai iya turawa sama. Yanzu da aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disambar 2024, bayan an sa shi tun 2019, kuma masu zuba jari suka fara dawowa, wannan ba magana ce ta gobe ba. Na kuma yi mamakin yadda ba a ambaci maƙwabciyarmu Nijar ba ko sau ɗaya, alhali an rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak kusa da Arlit a ƙarshen Maris na 2021, aka bar tarin tarkace mai tururi da ya kai kimanin tan miliyan 20, kuma mutanen da ke zaune a gefensa da yawansu Hausa suke ji.

Takardun darasi ba su dace da kuɗin da aka biya ba. Kwafi ne da aka buga da tawada mai rauni, wasu jadawalin ba sa karantuwa, kuma duka da Turanci suke, ba ko taƙaitawa da Hausa ga wakilan masu haƙa da aka gayyato aka kuma karɓi kuɗinsu. Farfesan da baristar sun riƙa juyawa zuwa Hausa idan suka lura an yi shiru, amma wannan kirkinsu ne, ba tsarin cibiyar ba. Abinci ya wadatar kuma ya zo a kan lokaci, an tanadi wurin alwala da na salla ga mata dabam, ma'aikatan rajista kuma suna da ladabi. Takardar shaidar halarta ta yi jinkirin fitowa, kuma sai da muka yi ta tuntuɓa kafin a turo mana hotunan majigin da aka yi mana alkawari.

Ina ba lauyoyin ma'aikatun shari'a da na muhalli, da ma'aikatan kwamitocin majalisa, da 'yan jarida masu bin harkar ma'adinai shawarar su halarta, musamman idan ofis ne zai biya. Wanda ba ya jin Turanci sosai ya dakata har sai cibiyar ta yi alkawarin fassara a rubuce. Ga 'yan uwanmu na Birnin Kebbi, kafin ku biya ku tambaya ko farfesan da baristar ne za su zo da kansu, ku kuma nemi a ba dokokin Nijeriya yini guda cur, a sa shi a farko ko a tsakiya. Ku tafi da kwafinku na dokar ma'adinai ta 2007 da na dokar man fetur ta 2021, domin ba za a ba ku ba. Kuma tunda masarautar Yawuri tana cikin wuraren da gwamnatin tarayya ta fara gwada shirinta na tsara ƙananan masu haƙar zinariya a 2020, ku buƙaci malaman su ɗauki wata mahaƙa ta can su yi lissafin asusun gyaranta a kan allo, da naira da dala, kamar yadda aka yi mana na tashar Amurka.